Ɗan Gidan Wa Ne, Kuma Yaya Halinsa?

Idan saurayi ya fito neman aure a Gwaram, ko a Basirka, ko a Fagam, iyayen yarinya ba sa cewa "mun ba ka" sai sun tashi wani dattijo ya je ya yi bincike. Shi kuwa dattijon tambaya biyu yake ɗauke da su a aljihu. Ta farko, ɗan gidan wa ne? Wane ne ubansa, mece ce sana'ar gidansu, wa zai tsaya masa idan magana ta taso? Ta biyu, yaya halinsa? Yana salla, yana da gaskiya, hannunsa a sake yake ko a dunƙule? Wani lokaci amsoshin biyu su zo a jere kamar shanun huɗa, wani lokaci kuma ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma: gida na mutunci, yaro ɗan iska, ko kuma gida wanda ake yamutsa fuska in an ambace shi, yaro kuwa kamar ka wanke hannu kafin ka taɓa shi. To, a kan waɗannan tambayoyi biyu ne wasu masu wasa a Amurka da Turai suka shafe shekara hamsin suna jayayya, har yau kuma ba su rufe maganar ba.

Wasan da nake nufi shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, daga wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. In kana son ka gane shi, tuna tatsuniyar dare a tsakar gida, amma a ce kowane yaro da ke zaune a gaban kaka ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin ya zama nasa. Kaka ta ce, "Ga ku a bakin wani kogo, kun ji gurnani daga ciki." Sai wannan ya ce shi zai shiga da wuƙa, wancan ya ce shi zai kewaya ta baya, na uku ya ce a dakata ya kunna jiniya tukuna. Ko abin da ka yi niyya zai yiwu ko ba zai yiwu ba, ɗan lido ne ke yanke hukunci, sai dai nasu ɗan lidon babban cikinsu fuska ashirin gare shi. Ba kuɗi ake zubawa ba, ba kuma wanda ke tashi da kayan wani. Riba ita ce labarin da aka ƙulla tare. Kakar tasu, mai jan ragamar wasan, ita ce kasuwa, ita ce sarki, ita ce dodo, ita ce ruwan sama.

Mu ma shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan kalankuwa bayan kaka, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan sandansu, a yi shari'a har a ci mutum tara. A tashe, daga goma ga azumi, yaro ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda, shi ke nan ya zama tsoho. Bambancin kawai, Turawan a zaune suke yin nasu, a kan tebur, kuma kowa yana riƙe da takarda guda da aka rubuta siffofin mutumin da ya ara: ƙarfinsa, wayonsa, sana'arsa, abin da ke cikin jakarsa. A jikin takardar nan akwai wani ɗan layi, bai kai tsawon yatsa ba, inda ake rubuta ɓangaren da mutum yake. Wannan ɗan layi shi ne tushen rigimar.

Da fari ɓangarorin uku ne kacal: Doka, Hargitsi, da 'yan ba-ruwanmu a tsakiya. Gygax ya tsinto wannan rabo ne daga littattafan ƙagaggun labarai na Poul Anderson da Michael Moorcock, inda duniya take kamar filin daga tsakanin rundunar tsari da rundunar rushewa. Wato a lokacin tambayar ita ce kai na wa ne, kamar yadda yara ke rabuwa gida biyu a wasan langa. Har wani yare aka ware wa kowane ɓangare, wanda 'yan cikinsa kaɗai ke ji, tamkar zaurancen da 'yan mata ke yi don kada iyaye su gane. Ba a daɗe ba masu wasa suka fara ƙorafi: to ai akwai mai bin doka azzalumi, akwai kuma mai karya doka don ya ceci rai. A 1976 Gygax ya rubuta wata maƙala ya shigo da zare na biyu, na kirki da mugunta, kuma a littafin 'yan wasa na 1978 aka saƙa zaren biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yadda masaƙi ke yi. Uku sau uku, sai ga gida tara.

Ka ɗauka lambu ne a bakin fadama, an yanka shi fangali tara. Daga hagu zuwa dama, ana auna yadda mutum ya ɗauki ƙa'idar jama'a: mai riƙe ta da hannu biyu, mai riƙe ta in ta yi masa, da mai tsallake ta. Daga sama zuwa ƙasa ana auna zuciya: mai tausayi, mai ko-in-kula, da mugu. Kowane mutum, kowane aljani, kowane dodo, dole a dasa shi a fangali ɗaya.

Kuma gaskiya lambun yana da daɗin zagayawa. Tsofaffinmu da suka ga zamanin jangali, kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a 1979, lokacin Gwaram tana cikin jihar Kano, za su ba ka labarin irin ma'aikacin da zai shiga ruga ya ƙirga har ɗan maraƙin da aka haifa jiya, bai ƙara ba bai rage ba, bai ci ko anini ba, amma kukan mai shanu bai taɓa sa alƙalaminsa ya girgiza ba. Ga mai doka marar tausayi nan, fangalinsa na jiransa. A ɗaya kusurwar kuma ga irin matasan NEPU na shekarun 1950, waɗanda suka riƙa yin taro ba izini, aka yi musu bulala aka ɗaure su, don suna ganin an danne talaka. Gizo fa? Wajen tsallake ƙa'ida ba shi da na biyu, wannan ba gardama. Amma sa shi a layin mugaye ka ga yadda yara za su taso maka, domin rabin ɓarnarsa kura yake yi wa, kuma dariya ake yi masa. Ita kurar ma, mugunta ce ke damunta ko yunwa da wauta? Tun a tatsuniya ke nan ruwan wannan fangali ya fara tsallakawa cikin wancan.

Masu wasan ba su tsaya ga laƙabi ba, sai da suka mayar da shi abin da ake iya aunawa. Akwai wani siddabaru a cikin wasan da ake yi don gano mugu, in an karanta shi sai mai mugunta ya bayyana ko da yana murmushi. Daidai yadda mai sayen ƙwan zabi ke zuba su a ƙwaryar ruwa: mai kyau ya nutse, baragurbi ya taso sama. Akwai kuma wani barde tsarkakakke wanda ƙarfinsa duka a kan sharaɗi yake, ranar da ya aikata mugunta da gangan ranar baiwarsa za ta bar shi, kamar maganin ƙarfe na ɗan tauri da aka ce in ya karya sharaɗi wuƙa za ta kama shi. Nan fa tebur ke kacamewa. Barde ya yi ƙarya don ya ɓoye yaro daga masu kisa, mai jan wasa ya ce ka karya, shi ya ce ban karya ba, a kwana ana musu, labari yana can ya huce kamar tuwon jiya. Kamfanin da ke buga wasan ya rage gidajen zuwa biyar a bugun 2008, ya mayar da su tara a 2014, amma ya zare musu yawancin haƙoransu, ya ƙara wasu layuka inda ɗan wasa zai rubuta aƙidarsa, da wanda yake da alaƙa da shi, da rauninsa.

Ni dai inda nake ganin lambun ya gaza shi ne, mutum ba ƙwai ba ne. A shekarar da wasan nan ya fito, 1974, aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya daɗe yana nazarin Hausa, mai suna Mutumin Kirki. Ya tattaro siffofi goma da Bahaushe ke dubawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ɗauki goman nan ka nufi fangali tara da su ka gani. Gaskiya da adalci za su samu wuri. Kunya fa, a ina za ka dasa ta? Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, surukin da zai gwammace ya kwana da yunwa da ya ci abinci a gaban surukarsa, ɗan Fulanin da ake tsula wa bulala a sharo yana duba madubi bai ko ƙifta ba, duk ba tausayi suke nunawa ba, ba kuma tsoron dogari ke sa su ba. Wata igiya ce ta daban, wadda ke ɗaure mutum da idon mutane. Haka mutunci: abu ne da kake da shi, amma a hannun wasu yake ajiye, shi ya sa ake iya ci maka shi.

Wasu masu ƙirƙirar wasanni sun hango wannan tun da wuri. Greg Stafford ya fitar da Pendragon a 1985, wasan baraden Sarki Arthur na Ingila, ya watsar da fangalin gaba ɗaya. A madadinsa ya jera halaye bibbiyu, kishiya da kishiya: kyauta da rowa, yafiya da ramuwa, jarumta da tsoro, tawali'u da girman kai, da sauransu. Kowane biyu jimlarsu ashirin, in wannan ya hau wancan ya sauka, kamar mangala a bayan jaki, duk abin da ka ƙara a dama hagu ce za ta yi sama. A gefe kuma ya ware abubuwan da ke jan zuciyar barde: biyayya ga ubangida, son dangi, haƙƙin baƙo. Wani wasan, Legend of the Five Rings, da ya fito a 1997 a kan wata ƙasa ta almara mai kama da Japan ta dā, a bugunsa na baya-bayan nan ma'auni uku yake ba kowa: mutunci, suna, da muƙami. Kana iya zama mai babban rawani marar mutunci, kana iya zama sananne a kowace kasuwa amma ba ka da ko tabarma a fada. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan hakimi ya san waɗannan ukun tukwane ne daban-daban, ko da a murhu ɗaya aka ɗora su.

Bari mu gwada abin a gida. A ce samari huɗu sun baje tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, babban yayansu ne ke jan wasa, labarin kuma a wani gari ne irin na zamanin dā, a gindin duwatsu kamar na Farin Dutse. Ɗaya ya ari maƙeri, ɗaya ɗan Fulani makiyayi, ɗaya gardi mai allo. Yayan ya gyara murya ya ce, "Dare ya raba. Wani baƙo ya faɗo zauren maƙera yana haki, ƙafarsa duk ƙaya, ya ce ya shigo amanarka. Me za ka yi?"

"Yaya, ai baƙo ne. Na ba shi ruwa, na shimfiɗa masa buzu."

"Ya sha ruwanka ke nan. To da asuba ga dogarai biyu a ƙofa. Sun ce hakimi ya aiko, ana neman wani da ya kore shanu bakwai a daren jiya, an bi sawunsa har unguwar nan." Sai ya juya ga mai riƙe da ɗan Fulani. "Kai kuma, shanun kawunka ne. Shi ya ba ka karsanar da ka fara garke da ita."

Yanzu duba takardar maƙerin. In abin da ke jikinta kawai "mai kirki, mai bin doka" ne, me ta gaya masa? Doka ta ce miƙa shi, dokar zaure ta ce wanda ya sha ruwanka ba ka miƙa shi, kirki kuma yana iya faɗawa ko ta ina. Takardar ta yi shiru a daidai lokacin da ake bukatar bakinta. Amma a ce an rubuta masa abu uku: gidansu ne ke ƙera wa hakimi linzami tun kakanni, ubansa bai taɓa tashin baƙo daga zaure ba, kuma ɗan Fulanin nan amininsa ne da suke musayar fura da lauje tun suna yara. Nan take za ka ga yaron ya daina wasa da ɗan lido, ya yi tagumi. Ko ya fita ya ce wa dogarai, "Ranku ya daɗe, ku ba ni zuwa hantsi, ni da kaina zan kawo shi gaban mai gari." Ko ya buɗe wa baƙon ƙofar baya ya ɗauki biyan shanun a wuyansa. Ko gardin ya sa baki ya ce a fara tambayar mutumin tukuna, don sawu ba shaida ba ne. Kowace hanya akwai wanda za a ɓata wa, kuma gobe za a haɗu da shi a kasuwar Sara. Daga nan labari ke samun nama.

Shi ya sa, in dai don wasa ya yi armashi ne, ina bayan ma'aunin zumunci da alhaki. Mutum yakan san kansa ne ta wurin waɗanda ke binsa bashin alheri da waɗanda yake bi. Har wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko taubasai, zai iya zama doka a tebur: wannan yana da izinin ya gaya wa wancan magana mai zafi a gaban sarki ba a hukunta shi ba, kuma in rana ta ɓaci shi ne zai fara tsaya masa. Wane fangali ne zai ba ka wannan?

Amma fa ma'aunin jama'a yana da nasa dafin, kuma mu muka fi kowa saninsa. M. G. Smith ya yi rubutu a 1959 a kan yadda Hausawa ke jera mutane, sarakuna da malamai da attajirai a sama, a gangaro har zuwa mahauta da maroƙa, ya kuma nuna yadda sana'ar gado ke bin mutum kamar inuwa. Har yau akwai gidajen da dattijon bincike zai dawo ya ce yaro ba shi da aibu ko ɗaya, sai dai gidansu gidan fawa ne, magana ta mutu a nan. An ɗauki amsar tambaya ta farko an cusa ta a gurbin ta biyu. Wannan zalunci ne, kuma yana yi mini ciwo a duk inda na gan shi. Abin mamaki, wasan Turawan ma ya faɗa wannan rami ta ɗaya bakin. Shekara da shekaru littattafansa suna rubuta cewa wata ƙabila mai suna Ork mugaye ne, haka aka haife su, don haka barde na iya afka wa ƙauyensu ba tare da takardarsa ta yi baƙi ba. Da sunan auna zuciya, sai aka koma auna asali. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya fito ya ce zai sauya yadda yake siffanta su, su zama mutane masu zaɓi kamar kowa. A 2023 kuma kamfanin Paizo ya cire fangali taran daga wasansa na Pathfinder, ya bar wa kowane mutum jerin abin da ya ɗaukar wa kansa zai yi da abin da ya haramta wa kansa.

Saboda haka ba zan ce a jefar da tambayar kirki da mugunta ba. In aka jefar da ita, sai biyayya ga ubangida ta zama ita ce komai, ko da ubangidan ya ce a ƙone rumbun marayu. Wurin da za a ajiye ta ne abin dubawa, kuma ɗan makarantar allo da ya fara Ahalari ko Ishmawi yana da amsa a hannu. Malamai sun koya mana hukunci kashi biyar, wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haram, kuma a kan aiki kowannensu ke sauka. Ana cewa wannan ciniki haram ne, wannan kyauta mustahabbi ce. Ba a buga wa goshin jariri hatimi. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, gaskiya ne akwai wanda ba ya sauyawa, kamar zanen shanun nan na Dutsen Mesa a Birnin Kudu da suka ga zamani bayan zamani. Amma shi ne dai ya ce mutum tara yake bai cika goma ba, kuma kowa ya san ɓarawon da ya tuba ya zama ladan.

In da samarinmu za su ƙera irin wannan wasa da kayan gida, da na ba su shawara su bar wancan ɗan layi fari, kada a rubuta komai. A ƙarƙashinsa a rubuta gidan da mutum ya fito, wanda yake jin kunya, wanda ya taɓa yi masa rana, da abu ɗaya da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Shi kuma mai jan wasa ya riƙe ɗan littafi irin na mai shagon unguwa, wanda ake rubuta bashin sukari da sabulu. Maƙeri ya buɗe wa baƙo ƙofar baya? A rubuta: hakimi ya janye aikin linzami, kawun ɗan Fulani ya daina aiko da nono, matan unguwa kuma sun fara cewa zauren maƙera ba a tozarta baƙo. Bayan zama uku ko huɗu, in ayarinsu ya faɗa hannun 'yan fashi a dajin da ke kan iyakar Bauchi, sai mai jan wasa ya buɗa littafin ya duba ko wancan baƙon yana cikinsu, ya kuma jefa ɗan lido a ga ko zai tuna da ruwan da ya sha.